Ma'aunin Cancantar Ɗalibin Digiri na Biyu a Fannin Jagoranci da Ba da Shawara

Gabatarwa

Kowane digiri shaida ce da jami'a ke bayarwa a gaban al'umma cewa wanda ya riƙe shi ya iya abin da aka rubuta a kansa. A fannin jagoranci da ba da shawara wannan shaida tana da nauyi na musamman, domin mai riƙe da ita zai zauna ne a ɗaki shi da yaron da ke cikin damuwa, babu mai ji, babu mai gani. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, cin jarrabawa da rubuta kundi ba su isa su zama ma'aunin ci gaban irin wannan ɗalibi ba. Wajibi ne a ga aikinsa a zahiri, kuma a cikin harshen waɗanda zai yi wa aiki, kafin a miƙa masa takardar shaida.

Tushen Fannin

An fi danganta farkon wannan fanni da Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin taimaka wa matasa wajen zaɓen sana'a a birnin Boston na Amurka a 1908. A Nijeriya kuwa, tarihi ya nuna cewa a 1959 ne malaman Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban don su yi wa ɗalibai 'yan ajin ƙarshe bayani a kan ayyukansu. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A 2022 aka sanya hannu a kan dokar kafa majalisar kula da masu wannan aiki. Ke nan fannin ya tashi daga aikin sa kai ya zama sana'a mai doka, don haka tambayar wane ne ya cancanci shigarta ta ƙara muhimmanci.

Sharuɗɗan da Aka Saba da Su

Ɗalibin digiri na biyu a wannan fanni yakan bi matakai sanannu. Da farko zai ɗauki kwasa-kwasan aji, kamar ra'o'in ba da shawara, dabarun bincike, ƙididdiga da gwajin halayyar ɗan'adam, kuma ana so matsakaicin makinsa kada ya gaza wani mizani da jami'a ta gindaya. Daga nan sai ya fita koyon aiki a aikace, ya gabatar da tsarin bincikensa, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Akwai kuma iyakar zangunan karatu da ba a so ya wuce.

Babu mai musun amfanin waɗannan sharuɗɗa. Matsalar tana wajen nauyin da aka ba kowanne. Kundi yakan ci shekara ko fiye, malamai da dama su duba shi babi bayan babi. Koyon aiki kuwa sau da yawa yakan ƙare da rahoton da ɗalibi ya rubuta da kansa da sa hannun shugaban makarantar da aka tura shi. Ta haka mutum zai iya fita da sakamako mai kyau alhali babu malamin da ya taɓa jin yadda yake tattaunawa da yaro na minti goma.

Abin Koyi Daga Waje

A Amurka, hukumar da ke tantance shirye-shiryen horar da masu ba da shawara, wadda aka kafa a 1981, ta shimfiɗa adadi ƙarara. Ɗalibi zai yi sa'o'i 100 na gwajin farko, 40 daga ciki ido da ido da masu neman shawara. Bayan haka zai yi sa'o'i 600 na koyon aiki, 240 daga ciki kai tsaye da mutane, kuma a kowane mako zai zauna da mai duba aikinsa. Ba lallai ne a kwafi waɗannan alƙaluma kamar yadda suke ba. Darasin da ke ciki shi ne, an mayar da ƙwarewa abin da ake ƙirgawa, ake kallo, kuma ake iya faɗuwa a kansa. Ɗaliban kwalejojin ilimi sun san wannan ƙa'ida, domin duk wanda bai ci koyon aikin koyarwa ba, ba ya samun takardar shaidar malanta, komai yawan makinsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji.

Batun Harshe

Akwai sharaɗi guda da aka fi mantawa da shi. Ana karanta ra'o'in fannin da Ingilishi, a rubuta jarrabawa da kundi da Ingilishi, amma yarinyar da za ta shigo ofis a wata makarantar Gumel ko Funtuwa da Hausa za ta bayyana damuwarta, in ma ta bayyana. Carl Rogers ya gina ra'insa a kan saurare da fahimtar mutum ta fuskar da yake kallon kansa. Wannan ba zai yiwu ba ga wanda bai san yadda Bahaushe ke lulluɓe magana ba.

Yaron da aka tambaya abin da ke damunsa zai iya cewa "ba komai", alhali komai ne. Yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta don aure ba za ta kai ƙarar mahaifinta ba, sai dai ta ce "a gida an ce". Wanda baƙin ciki ya danne yakan ce zuciyarsa ba daɗi, ko jikinsa ya mutu, ko ba ya iya barci. Sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, amma wanda ya haddace littafin waje kaɗai zai iya ɗaukarsa alamar ɓoye gaskiya. Kunya da kara da kawaici duk suna da nasu salon magana. Saboda haka ya kamata wani kaso na koyon aiki ya gudana da harshen yankin, ko Hausa ne ko Fulfulde ko Kanuri, a kuma ba da maki a kansa.

Hujjojin Masu Saɓani

Wasu za su ce malamai sun yi kaɗan, kuma yawancin ɗaliban ma'aikata ne masu iyali, ƙarin sa'o'i zai tsawaita musu karatun da yajin aiki ya riga ya tsawaita, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ɗalibin da yake malami yana iya cika sa'o'insa a wata makaranta kusa da shi, a naɗi muryar tattaunawar da izinin yaro da iyayensa, a saya sunansa, mai dubawa ya saurara daga baya. Gogaggun masu ba da shawara da ke makarantun sakandare su ma za su iya taya jami'a dubawa.

Wasu kuma na tsoron kada auna hali da ƙwarewa ya zama makami a hannun malamin da ba ya shiri da ɗalibi. Maganin wannan shi ne a rubuta abubuwan da za a auna, kamar riƙe sirri, iya saurare da sanin lokacin da ya dace a tura yaro wurin likita, a ba ɗalibi su tun ranar farko. Malamai biyu ne za su auna, a sanar da ɗalibi rauninsa a ƙarshen kowane zango, a ba shi damar gyarawa da ta ɗaukaka ƙara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Jinkirin zango ɗaya ga ɗalibin da bai ƙware ba abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta shi da ɓarnar da zai yi a shekarun aikinsa. Mai ba da shawarar da ya tona sirrin yaro ɗaya a ɗakin malamai ya rufe ƙofar ofishinsa ga makarantar baki ɗaya. Malaman gobe su ne za su riƙa tura yara zuwa wannan ofis, wasunsu kuma su ne za su zauna a cikinsa. Haƙƙinsu ne su nemi digirin da ke tabbatar da cewa an ga mai shi yana aikin, kuma an gamsu.