Rajistar Bindiga da Rashin Yarda: Darasi Daga Ƙasar Kanada

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Duk inda aka ga jama'a suna gudun a rubuta sunayensu a littafin hukuma, lalle akwai dalili. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce nuna yadda rajistar bindigogi ta rushe a ƙasar Kanada, saboda an gina ta ba tare da yardar waɗanda za a rubuta ba.

A watan Disamba na 1989, wani mutum ya harbe mata 14 har lahira a wata makarantar koyon aikin injiniya da ke birnin Montireyal. Wannan ta'asa ta girgiza ƙasar, har ta kai a 1995 gwamnatin Jean Chrétien ta kafa dokar da ta tilasta wa kowa ya yi wa bindigarsa rajista. Tun 1934 ake yi wa ƙananan bindigogin hannu rajista. Sabon abin shi ne shigar da dogayen bindigogi, watau irin waɗanda manoma da maharba suke ajiyewa a gida.

Mutanen karkara ba su karɓi dokar da hannu biyu ba. Hujjarsu ta farko ita ce ɗan fashi ba ya zuwa ofis ya ba da sunansa, sai mai bin doka. Ta biyu kuwa ita ce littafin da aka rubuta suna a cikinsa yau, da shi za a zo karɓar bindiga gobe. Wannan tsoro ba mafarki ba ne, domin a 1997, bayan kisan 'yan makaranta a garin Dunblane, gwamnatin Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi, masu lasisi kuma suka miƙa nasu, tun da 'yan sanda sun san gidan kowa.

Daɗin daɗawa, sai batun kuɗi. An gaya wa majalisa cewa dala miliyan 2 kacal shirin zai ci daga baitulmali, amma a 2002 babbar mai binciken kuɗin gwamnati, Sheila Fraser, ta bayyana cewa ya doshi dala miliyan 1,000. Wanda ya saɓa alkawari a kan kuɗi, wa zai gaskata shi a kan makami? A 2012 gwamnatin Stephen Harper ta soke rajistar dogayen bindigogi, ta kuma ba da umarni a shafe bayanan. Daga baya, a 2020, gwamnatin Justin Trudeau ta haramta nau'in bindigogi kimanin 1,500, sai masu shakka suka ce ga abin da suke gudu nan ya tabbata.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce rajista ba ta da amfani. Shugabannin 'yan sandan Kanada sun goyi bayanta, domin ɗan sandan da aka kira rikicin miji da mata yana bukatar ya san ko akwai bindiga a gidan kafin ya yi sallama. Bindiga ba fartanya ba ce. Al'umma tana da hakkin sanin inda take.

Abin da ya kamata shi ne hukuma ta faɗi nufinta tun farko, ta rubuta a cikin doka iyakar abin da za a yi da sunayen, in kuma za ta karɓi makami ta fito fili ta biya diyya. Haka Ostareliya ta yi bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, inda ta sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun masu su. Dokar da ta dogara ga mutum ya kawo sunansa da ƙafarsa, amana ce jarinta. In ta zube, ba a kwashe ta duka.