Bashin Gwamnati Ba na Hayar Suna Ba Ne

Akwai shawarar da wasu masu horar da matasa kan kasuwanci ke yawan bayarwa: saurayi ya nemi rancen da gwamnati ta tsaya masa, ya sayi izinin buɗe reshen wani shahararren gidan abinci, ya huta da wahalar gina suna. A Amurka wannan hanya ta daɗe, domin hukumar SBA, wadda aka kafa a 1953, tana lamunce wa bankuna irin wannan bashi. A Gusau kuwa shawarar tarko ce.

Mai sayen izinin hayar suna yake yi. Zai biya kuɗin shiga tun kafin ya sayar da cinyar kaza ɗaya, sannan kowane wata ya miƙa kaso daga cinikinsa, ko ya ci riba ko ya faɗi. Kamfanin ne ke tsara irin abincin da fasalin shagon, kuma sau da yawa shi ke faɗin inda za a sayo kaya. Haya da man janareta da albashi kuwa duk suna wuyan mai bashi. Sunan ma ba ya hana faɗuwa: Mr Bigg's na kamfanin UAC, wanda ya fara a Legas a 1986, ya bazu a Najeriya ta wannan tsari, daga baya rassansa da dama suka rufe.

Kuɗin da ake magana a kai na jama'a ne. Shirin AGSMEIS, wanda Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka ƙaddamar a 2017, an gina shi da kashi 5 cikin 100 na ribar bankuna, ya kuma riƙa ba da rancen da ya kai naira miliyan 10. Tun 2020 kuma akwai ƙa'idar da ta ba banki ikon cire kuɗinsa daga duk asusun da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya kasa biya. Idan shago ya mutu, kamfani zai kwashe allonsa ya tafi, bashi ya tsaya a kan saurayi.

Zamfara kuma ta san yadda ciniki ke tsayawa rana ɗaya. A Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga. Shagon da ke jiran daskararrun kaya daga nesa, ta hanyar Funtuwa da Tsafe, rayuwarsa na hannun tsaron wannan titi.

Masu sayar da abinci da suka riga suka tara masu saye suna nan a tashar Tsafe, a kasuwar Bungudu, a bakin Jami'ar Tarayya ta Gusau: mai tsire, mai waina, mai tuwo, mai kilishi. Namansu da hatsinsu daga manoma da makiyayan yankin suke fitowa, don haka kuɗin a gida yake zagayawa. Abin da suka rasa kaɗan ne: firiji mai aiki da hasken rana, rumfa mai tsabta, ruwa mai kyau, da jarin sayen buhu maimakon kwano. Abin da zai buɗe reshe guda zai ɗaga irin waɗannan da yawa.

Ya kamata SMEDAN da Bankin Masana'antu da gwamnatin jiha su karkata rancen zuwa gare su ta ƙungiyoyin sana'a, a kan tsarin da babu kuɗin ruwa, tunda riba na hana mutane da yawa a jihar kusantar banki. Wanda ke son hayar sunan wani kamfani yana da 'yancin yi, amma da kuɗin aljihunsa.