Jirgin Fito Amana Ne

A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya dare biyu a Kogin Kwara kusa da Wara, cikin ƙasar Yawuri, da mutum fiye da 150 a cikinsa. Kaɗan ne suka tsira.

Ba mu musun ƙaddara. Amma tun 1968 da aka datse kogin a Kainji kututturan itatuwa ke ɓoye ƙarƙashin ruwan nan, ruɓaɓɓen katako kuwa ba ya jimre karo. Lalle ne kowane mai jirgi ya jawo nasa tudu kowace shekara, ya sake katakon da ya ruɓe, ya toshe kafofi, ya shafe da kwalta.

Muna roƙon sarakunan ruwa su hana fito ga wanda ya ƙi gyara, gama fasinja ba ya ganin ƙasan jirgi, sai mai shi.