Haƙuri Ba Ya Gyara Lambar Soja

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu a nan Kudu, wadda nake ganin lokaci ya yi da za mu yi watsi da ita. Da zarar an ji cewa an tsayar da fanshon wani tsohon soja domin lambar da ke jikin takardar sallamarsa ta saɓa da wadda ke cikin fayil ɗinsa, sai ka ji an ce, "Baba, sai haƙuri, aikin gwamnati ne." Daga nan an rufe magana. To ni ban yarda ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai taɓa mayar da 7 ta koma 1 ba.

Ya kamata mu san inda gizo yake saƙa. Kafin yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojojin Nijeriya ba su wuce wajen dubu 10 ba. Da aka gama yaƙin a watan Janairun 1970, sun kai kusan dubu 250. An ɗebi mutane cikin gaggawa, akawu yana rubutu da hannu ko da tafireta, sojan da ake rubuta wa kuwa sau da yawa bai yi boko ba, balle ya duba abin da aka buga. Bayan yaƙi aka yi ta rage sojoji, da yawa daga cikin iyayenmu suka zauna inda sallama ta same su, a Sabon Ibadan da Agege da Obalende da Shagamu, suka kama gadi ko tireda. Takardar tana ƙasan adaka shekara da shekaru, ba wanda ya buɗe ta.

Me ya sa lamba ɗaya take da wannan nauyi? Domin a gidan soja lamba ita ce mutum. Garba Kano nawa aka ɗauka? Audu Sakkwato nawa? Muhammadu ɗaya ma, wannan akawu ya rubuta Mohammed, wancan Momodu, wani Mamman. Abin da ke raba su shi ne lambar nan, irin wadda tsofaffin yaƙin basasa ke karantawa da 63NA a gaba. Idan aka juya lambobi biyu, takardar ta koma nuna wani mutum dabam, ko kuma ba ta nuna kowa ba. Yanzu da ake tantance 'yan fansho da kwamfuta, ana haɗawa da lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa, abin ya ƙara tsanani, domin na'ura ba ta jin magiya, ba ta kuma ganin tabon harsashi.

Abin takaici, mu ma muna ƙara wa borno dawaki. Wani ɗa sai ya ɗauki biro ya gyara lambar da hannunsa. Wallahi wannan ganganci ne. Kuskuren akawu ana iya gyara shi, amma takardar da aka kankare ta zama abar zargi, har ana iya tuhumar mai ita da jabu. Wani kuma sai ya faɗa hannun 'yan cuwa-cuwa masu cewa sun san wani babba a Abuja, a kawo kuɗin mota da na goro. Su karɓi takardar asali, shi ke nan, ba kuɗi ba takarda. Na uku su ne masu zaton takardar rantsuwa ta kotu ta gama komai. Takardar rantsuwa shaida ce kawai da ake haɗawa da buƙata. Wanda ya ba da lamba shi kaɗai ke da ikon gyara ta.

Masu cewa mu baƙi ne a nan, kada mu ɗaga murya, su ma ina da ja da su. Fanshon soja na Gwamnatin Tarayya ne, babu ruwansa da takardar asalin jiha. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe fansho ko garatutin ma'aikacin tarayya ba bisa doka ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar neman a gyara abin da aka rubuta a kansa ba daidai ba. Wanda ya nemi gyara ba bara yake yi ba.

Ga abin da nake kira ga kowane gida ya yi. A fito da takardar sallama, da katin shaida, da takardar biyan albashi ko fansho, da takardar lambar yabo ko ta asibitin soja idan akwai. A sa yaro mai karatu ya gwada lambar a kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma tsohon ya faɗi tasa da ka, domin da wuya soja ya manta lambarsa. Idan an ga saɓani, a rubuta wasiƙa gajera: suna, muƙami, bataliya, ranar shiga, ranar sallama, lambar da aka buga da wadda ta dace. A haɗa da fotokwafi, asali ya zauna a gida. Na sojan ƙasa, ofishin adana bayanansu yana Lakwaja. Sojan ruwa da na sama kowa da nasa ofishin. A aika kwafi ga Hukumar Fanshon Soja a Abuja, a kuma bi ta reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion da ke jihar da ake zaune. Duk inda aka miƙa wasiƙa a nemi a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe. Maganar baka iska ce.

Kuma a yi shi tun tsohon yana raye. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1968 ya ba 75 baya. Yau zai iya faɗin sunan kwamandansa da abokan bataliyarsa. Ranar da ya kwanta dama, matarsa ce za a bari da takardar da ba ta iya kare ta ba.

Ga hukumomi kuwa, maganarmu ɗaya ce. Adalci bai yarda akawu ya yi kuskure, a ce dattijo mai sanda ne zai biya kuɗin mota daga Legas zuwa Lakwaja ya dawo ba. Fayil yana hannunku. A ajiye wa'adin amsa wasiƙa, a kuma ci gaba da biyan mutum kafin a gama bincike. Ajiye furanni ranar 15 ga Janairu ba ya cika tukunyar wanda ke raye.

Sarakunan Hausawa da limamai, don Allah a yi shela a masallatai da wuraren ɗaurin aure. Wanda ba shi da mai rubuta masa wasiƙa ya zo ofishin ƙungiya, ba a biyan ko kwabo. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba na raye haƙƙinsu, amin.

Sakataren Ƙungiya