Duniyar Kwamfuta: Ranar da ƙaura ta tsaya a tsakiyar hanya

Duk wanda ya taɓa zuwa Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo ya san yadda mota ke tsayawa a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin: idan sunan da ke takarda bai yi daidai ba, babu zancen wucewa Segbana sai an gyara. Irin wannan ce ta same ni a kwamfuta.

Masu rubuta manhaja suna ajiye tarihin aikinsu: wa ya canza wane layi, yaushe, kuma don me. Subversion tsohon ma'ajin tarihi ne. Git kuwa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, shi ne yayi yanzu. Hatta masu kula da Python sun bar Mercurial sun koma Git a 2017.

Ni da wani abokina ɗan Segbana muna da 'yar manhajar lissafin cinikin shinkafa a Subversion. Na sa umarnin git svn ya kwashe tarihin, na haɗa masa jerin sunayenmu. Ana tsaka da aiki ya tsaya cak, wai ya ga sunan da babu a jerin. Raina ya ɓaci, ina tunanin datata ta tafi a banza. Ashe gata ya yi mini: na ƙara sunan, na sake ba da umarnin, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Wanda ya cuce ni shi ne kuskuren da bai yi magana ba. Sunan abokina yana da harafin Faransanci é, ni kuma ban adana jerin a tsarin UTF-8 ba. Sunan ya rikiɗe, ko gargaɗi babu. Sai bayan mako uku muka lura. Gyaran ba wasa ba ne, domin a Git lambar shaidar kowane canji ta dogara da sunan mai shi da kuma canjin da ya gabace shi. Ka taɓa ɗaya, duk na bayansa sun sauya, dole kowa ya sake ɗauko aikin. Masu ƙ da ɗ a sunayensu, ku ma ku kula.

Don haka kada ku goge tsohon ma'aji da wuri. Bayan ƙaura ku buga git shortlog -s, ku karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan ku gwada fayilolin ƙarshe na ɓangarorin biyu kafin kowa ya ɗora sabon aiki.