A AUNA KAYA TUN DAGA BAKIN RUWA

Kusan duk wani babban inji da ke aiki a Arewacin ƙasar nan ta bakin teku ya shigo. Katafilar da ke share hanya, da tiransifomar da ke raba wutar lantarki, da injunan masaƙu da na matsar gyaɗa, daga jirgin ruwa aka sauke su a Apapa ko Tin Can ko Fatakwal, aka ɗora su bisa doguwar mota, suka kama tafiyar da ta fi kilomita 1,000 kafin su ga Kano. Wanda ke riƙe da sitiyarin motar nan kuwa, da yaron da ke bin ta da weji, da leburan da suka ɗaure mata sarƙa, sau da yawa 'yan Arewa ne mazauna Ikko da Shagamu da Badun. Saboda haka maganar nauyin kayan da ake ɗora wa manyan motoci magana ce ta ransu da abincinsu, kuma bisa wannan hanyar ce iyalansu ke bi in za su gida da salla.

A da ba haka abin yake ba. Tun 1912 jirgin ƙasa ke tafiya daga Ikko har Kano, kuma shi ne jakin ƙasar nan na shekaru masu yawa: ya sauko da gyaɗa da auduga, ya hau da ƙarfe da injuna. Da kuɗin mai suka zo, sai kaya suka fi ƙarfin tasha. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi ta jiran layi a gaɓar Ikko da sumunti a cikinsu. Aka buɗe tashar Tin Can a 1977, aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, amma reluwe aka bar ta tana ja da baya, har ta kai an ɗauko Indiyawa a 1979 su gudanar da ita. Daga nan duk abin da ya kamata dogo ya ɗauka ya koma kan kwalta.

Ita kuwa kwalta tana da iyakarta, kuma an daɗe da sanin iyakar. A gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 an gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da ƙaruwar nauyi, tsalle take yi. In aka ninka nauyin da ke bisa aksul guda, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun mota, ɓarnar takan ninku wajen sau 16. Ko rabin nauyin aka ƙara, ɓarnar ta kai ninki biyar. Ma'anar wannan ita ce girman inji shi kaɗai bai isa ya kashe hanya ba. In aka ɗora shi bisa tirela mai ƙasa-ƙasa mai ƙafafu da yawa, irin wadda direbobi ke kira lobed, nauyin yakan rarrabu, hanya ta ɗauka. Abin da ke fasa kwalta shi ne a ɗauki injin da ke bukatar aksul shida ko takwas a jibga shi bisa uku. Gada kuma nata lissafin dabam ne, don ita jimlar nauyin da ya hau kanta a lokaci guda take ji.

Doka ba ta yi shiru ba. A 2012 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'ida ɗaya, wadda ta tsayar da tan 11 da rabi ga aksul guda, kuma a 2018 Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata dokoki a kan tsawo da faɗi da nauyin manyan motoci. Abin tambaya shi ne, wa dokar take kamawa?

Sanin kowa ne direba ba shi ke yanke shawarar abin da za a ɗora masa ba. Mai kaya ne da ɗan kwangilar sufuri suke zama su yi ciniki. Hayar lobed ta gaske tana da tsada, motar rakiya kuɗi ce, takardar izinin ɗaukar kaya mai wuce ƙima ita ma sai an bi ofis. Sai a ga ya fi sauƙi a nemi tsohuwar tirela, a ɗora mata gireda, a cusa rola a bayanta, a ce Allah ya kiyaye hanya. In direba ya ce kaya sun yi yawa, akwai goma a bakin gareji suna jiran makullin. Haka zai tashi, burki na ƙauri a kowace gangara, tayoyi na fashewa tsakanin Oyo da Ogbomosho. In ma'aikata suka tare shi, daga kuɗin guzurinsa zai fitar. In kuwa tsautsayi ya auku, shi za a tsare, shi jama'a za su yi wa ca, kuma a garin da yake baƙo ne, haɗarin mota ɗaya yakan zama fitinar da za ta shafi mai shayi da mai facin takalmi waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai kaya yana ofis ɗinsa. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Mutanen Ikko ba su manta da gadar Ojuelegba ba, inda kwantena ta faɗo kan motar haya a watan Janairun 2023, mutum tara suka rasu. Wanda ya taɓa ganin motar haƙa ƙasa bisa tirela, an ɗaure ta da sarƙa biyu tana rangaji, hannunta na neman taɓa cikin gadar sama, ya san irin wannan ranar ba ta da nisa da kowa.

Maganin abin bai wuce a auna kaya tun kafin su bar tasha ba. Injunan nan ta ƙofofi ƙalilan suke fitowa, kuma kowanne ya zo da takardar da ta faɗi nauyinsa. Ya kamata Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya su tabbata kowace ƙofa tana da sikelin auna motoci mai aiki, kuma kada mota ta fita sai da takarda mai nuna nauyin kowane aksul, da tsayin kaya daga ƙasa, da hanyar da za a bi, da sunan mai kaya. In daga baya aka sami ƙari, tara ta hau kan wanda sunansa ke takardar. Auna mota a tsakiyar daji, bayan ta riga ta yi kwana biyu tana niƙa hanya, ba ya gyara kome sai aljihun mai tsaron shinge.

Ya kamata a tuna kuma hanyoyin haye Kwara ba su da yawa. Da ruwa ya cinye gadar Tatabu, tsakanin Jebba da Mokwa, a 2017, manyan motoci sun yi cirko-cirko, waɗanda suka sami kewayawa kuma suka faɗa ƙananan hanyoyin da ba don su aka yi ba. Ƙasar da rabinta ke rataye da gadoji 'yan kaɗan ba ta da halin barin kowa ya hau su da nauyin da ya ga dama.

Manyan kamfanoni sun san haka sarai. Da ake gina matatar Dangote a Lekki, sai da aka yi mata tashar ruwa tata, ta nan aka sauke hasumiyar tace mai wadda ta fi tan 2,000 a 2019. Mai ƙaramar masana'anta a Kano ko Kaduna ba shi da wannan ƙarfin, dogo shi ne nasa. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021, da reshensa har cikin Apapa. Sai an haɗa tsakanin Badun da Abuja ne inji zai iya hawa sabon dogo daga bakin teku ya sauka a Kaduna.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ke hannun jama'ar zango. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi a Apapa da Ogere, da sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu, suna da murya a wurin masu motoci, don da yawa daga masu motocin nan a masallaci ɗaya suke salla da su. Su haɗa baki a kan cewa direban da ya ƙi tashi da kayan da ba a auna ba, ba za a karɓe masa makulli a miƙa wa na bayansa ba.