Likitan Mata na Gaggawa da Abin da Yake Jira Daga Gare Mu

'Yan uwa mazauna Nima da Mamobi da sauran zangunan Ankara.

A cikin ma'aikatan asibiti akwai wanda ba mu cika sanin darajarsa ba sai dare ya raba, wato likitan da ke karɓar mata a sashen gaggawa, musamman masu ƙaramin ciki. Wurinsa ake kai wadda jini ya ɓalle wa, da wadda ta yi ɓari wani abu ya saura a mahaifa, da wadda amai ya hana ta riƙe ko da ruwa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" A nan ne tarbiyyarmu da aikinsa sukan yi karo.

Mun gaji kunya daga iyaye, kuma ado ce. Mace takan ɓoye ciki har sai ya fito da kansa, balle cikin fari, wanda ko mahaifiyarta ba ta iya faɗa wa. Sai dai watanni ukun farko da muke rufewa su ne lokacin wani haɗari da likitoci ke tsoro ƙwarai: ciki ya zauna a wajen mahaifa, galibi a cikin siririn bututun da ƙwai ke bi. Hakan yana faruwa ga ciki 1 zuwa 2 a cikin kowane 100. Bututun ba ya iya ɗaukar ɗan tayi yana girma, don haka yakan fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Alamominsa su ne ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini, da jiri ko suma, wani lokaci har da ciwo a kan kafaɗa. Mu kuwa a gida sai mu ce ciwon mara ne, a kawo jiƙo, ko a aika yaro kemis, ko a ce kwantaccen ciki ne ke motsi.

Idan aka kai ta da wuri, aikin likita a bayyane yake: gwajin fitsari, hoton ciki, ƙarin ruwa, sannan tiyata idan ta kama. Mafi yawan lokaci ɗayan bututun yana nan lafiya, kuma mata da yawa sun haihu bayan haka. Idan kuwa aka kai ta bayan ta kwana tana zubar da jini, ƙwarewar likita ba ta maido jinin da ya tafi sai da wani jinin, shi kuma daga jikin mutane yake fitowa.

Ba za mu ce nisa ne ya hana mu ba. Babban Asibitin Mamobi yana tsakiyarmu, Asibitin Soja na 37 yana maƙwabtaka da Nima, ga Ridge, ga kuma Korle Bu da aka buɗe tun 1923. Tun shekarar 2008 gwamnati ta sa kula da masu juna biyu kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, kuma lambar kiran motar ɗaukar marasa lafiya ita ce 112. Jinkirin da ya fi cin rai a cikin gidajenmu yake: maigida ya tafi Kumasi ko Tamale ana jiran izininsa, ko a ce sai gari ya waye, ko a ce sai an sami likita mace.

A kan wannan na ƙarshe, abin da muka karanta a gaban malamanmu a fili yake. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma larura tana halatta namiji ya duba mace gwargwadon buƙata. Wanda ya fi son mace ta duba iyalinsa yana da hujja, amma hujjar tana ɗora masa nauyi. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai tsayuwa da su, kowa ya yi laifi. 'Ya'ya mata nawa muka bari suka gama sakandare, muka tsaya musu har makarantar likitanci? Wanda ya cire 'yarsa daga aji bai kamata ya yi fushi ba don ya tarar da namiji a ɗakin gaggawa.

Saboda haka muna roƙon magidanta su ba iyalansu izini tun yau, cewa duk ranar da jini ko ciwo ya zo a tafi asibiti ko suna gari ko ba sa gari. Muna roƙon magajiyoyi da iyaye mata su koya wa amare cewa faɗa wa likita gaskiyar kwanan wata ba rashin kunya ba ne, kuma duk abin da aka sha a gida a ambace shi, domin sirrin mara lafiya amana ce a wuyan likita. Matasanmu kuma su saba da ba da jini tun kafin a nema, limamai su riƙa tunatarwa ranar Juma'a.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya saka wa likitocinmu da ungozomomi da alheri. Amin.